Sabon Ƙarfe a Tsohuwar Ƙota

Ka taɓa riƙe wuƙar wani ka ji kamar ka sa takalmin aro? Haka Ba-Zama ta ji a makon da tata ta karye, kuma saura kaɗan abin ya jawo asarar da babu mai iya mayar da ita.

Ba-Zama ake ce mata a lambun renon tsirrai da ke bayan tashar mota, don babu wanda ya taɓa ganin ta a kan kujera. A tsaye take cin abinci, a tsaye take amsa waya, gaisuwa ma sai dai ka bi ta tsakanin layukan tsirrai kana yi. Sana'arta auren itatuwa. Takan yanko reshen mangwaro mai daɗi, ta tsaga kan ƙaramin tsiro na gama-gari, ta fiƙe reshen ta cusa a tsagar, ta naɗe da leda. In yankan ya fita sumul, ɓawo ya haɗu da ɓawo, sai ya kama. In ya yi kaushi, reshen ya bushe. A kowane goma da ta ɗaura, tara kan kama, na goman kuma takan ce laifin tsiron ne.

Duk aikin nan da wuƙa ɗaya take yin sa, ƙarama mai naɗewa, bakinta baƙin ƙarfe, ƙotarta katako. Wajen tsohon da ya koya mata aikin ta gaje ta. Yawan wasawa ya cinye bakin har ya koma kamar ganyen ciyawa, amma ko wa ya ce ta canja sai ta ce, "Ka ji ta kawo ƙara?"

Wani mai gona ne ya kawo mata aikin tsiro ɗari uku. Bishiyar mangwaron mahaifinsa ce hanya ta biyo ta kanta, aka sare, shi kuma ya kwashe rassan ya naɗo su a jiƙaƙƙen buhu. Babu irinta a ko'ina da ya sani. Reshen da aka yanke kuwa kwana biyu zuwa uku yake yi da rai, bayan nan ya zama makamashi.

Tana kan tsiro na sittin wuƙar ta karye daidai wurin ƙusar da take juyawa. Ba-Zama ta dubi rabin da ke hannunta, ta dubi buhun rassa. Zuciya ta ɗebe ta, ta wurga ƙotar can kan tarin taki, ta kakkaɓe zane ta nufi kasuwa.

Mai shagon kayan ƙarfe yana da wuƙaƙe iri goma sha biyu a cikin gilashi. Ya ɗauko mata wata mai walƙiya, ƙotarta santsi kamar sabulu.

"Hajiya, wannan farin ƙarfe ne, ba ya tsatsa. Ki kwantar da ita a ruwa shekara, yadda kika sa haka za ki ɗauko."

"Ni ba wanka zan koya mata ba. Tana yanka?"

Ya goga bakin a gashin hannunsa, gashin ya zube. Ta biya ba ta ko nemi ragi ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Yanka biyar na farko sun yi kyau. A na goma sha biyu sai ta ji bakin yana jan ɓawo maimakon ya ratsa shi. Ta ɗaga ta a rana, ta ga siririn haske yana gudu a kan kaifin, alamar ya kwanta. Ta wasa, ya tashi, ya sake kwanciya. Ga ƙaron mangwaro da gumi sun cika mata tafi, ƙotar sai juyi take kamar kifi. Da ta danna da ƙarfi don ta rama rashin kaifin, wuƙar ta zame ta tsaga mata babban yatsa. Ta ɗaure yatsan da ledar aure, ta ƙirga abin da ta lalata: rassa bakwai, daga bishiyar da ba ta nan.

Ta sake jiƙa buhun, ta tura shi inuwa, ta kama hanyar rumfar Auta, ƙaninta, maƙeri ne da ke haɗawa da walda. Tun daga bakin layi take kiransa.

"Yaya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Wuƙata."

"Allah ya jiƙanta, ta sha wahala a hannunki. Ga kujera."

"Kai ka zauna. Wata nake so, yau."

Ya karɓi ta shagon, ya juya ta, ya goga magagari a bayanta. Magagarin ya ci ta kamar tuffa. "Ba laifin farin ƙarfe ba ne," in ji shi. "Akwai mai kyau a cikinsa, wanda zai riƙe kaifi ya ba ki mamaki, amma ba ni da shi a nan, kuma ɗan dutsen wasa wuƙan nan naki sai ya yi kuka kafin ya wasa shi. Wannan dai an yi ta ne don ɓare lemo da nuna wa abokai."

Ya jawo ƙarafa biyu daga ƙarƙashin teburi, guntun sifirin mota da wani tsohon magagari da haƙoransa suka cinye. Sifirin, in ji shi, yana da haƙuri, a lanƙwasa shi ya dawo, sai dai kaifinsa ba ya kai na aska. Magagarin kuwa kaifi har ya yi yawa, amma ba ya son a murɗa shi, kuma in aka bar ruwan itace ya kwana a kansa, da safe ya yi ja.

"Kina murɗa wuƙa a cikin tsaga?"

"Na yi kama da mai buɗe gwangwani?"

"Kina goge ta in kin gama?"

"Kai da ban goge maka hanci ba, da yanzu kana ina? Magagarin."

Ya hura wuta. Ita kuwa ta auna rumfar da ƙafa, daga ƙofa zuwa bango, daga bango zuwa ƙofa. Sau biyu tana komawa lambu ta duba buhu ta dawo. Duk zuwan da ta yi sai ta tarar da shi a wani mataki: ya gasa ƙarfen ya bar shi ya huce don ya yi laushi, ya fitar da siffar baki, ya huda wurin ƙusa, ya sake gasa shi ya yi ja ya tsoma a mai, sannan ya ɗan ɗumama shi har ya yi launin kara don kada ya yi saurin karyewa.

"Ba za ka iya tsallake ɗaya ba?"

"Zan iya. Gobe ki dawo da rabi biyu a hannu."

Da aka zo kan ƙota, ya shimfiɗa mata abu uku: ƙaho, baƙar roba mai kauri, da katako mai nauyi. Bai bari ta zaɓa da ido ba. Ya kawo ruwan sabulu a kwano ya ce ta tsoma hannu, ta rufe ido, ta riƙe kowanne kamar za ta yanka. Ƙahon ya sulluɓe tun kafin ta matse. Robar ta kama hannu, amma ta yi mata kauri, ba ta jin inda baki zai dosa. Katakon ya fi, sai dai babban yatsanta ya yi ta yawo a kansa yana neman wurin zama.

"Ba ta zauna ba," ta ce. "Fiƙe nan. A'a, nan. Ƙara."

Ya fiƙe, ya goge, ta gwada, ta ce ba haka ba. Ya lalata katako biyu. Rana ta fara karkata, ita kuma hankalinta na kan buhu. Sai Auta ya ajiye magagari ya kamo hannunta ya juya tafin. Akwai kanta a gefen yatsan nuni, akwai wata a gindin babban yatsa.

"Yaya, abin da ya yi miki waɗannan nake nema. Ina ƙotar tsohuwar?"

Ta janye hannunta.

"Tana kan taki."

"Kin jefar da abin da hannunki ya yi shekaru yana sassaƙawa, kin zo ni in sassaƙa shi kafin la'asar?"

Ba ta tsaya jin sauran ba. Kafin ta isa lambu, masu shara sun juye baro uku na ganye a kan tarin. Ta naɗe zane, ta shiga da hannu, tana tona tana faɗa da kanta. Can ƙasa yatsunta suka taɓa abu mai tauri, kuma tun kafin ta gani babban yatsanta ya faɗa cikin ɗan ramin da ya sani. Ba ta taɓa lura akwai ramin ba sai ranar.

Da ta kawo ƙotar, Auta ya cire tsohuwar ƙusa, ya daidaita gindin sabon bakin da sifirin da ke cikinta, ya buga sabuwa. Wuƙar ta buɗe da ɗan ƙas, ta rufe da ɗan ƙas. Ba-Zama ta karya ɗanyen reshe a bakin rumfar, ta ja sau ɗaya. Yankan ya fito sumul, yana sheƙi.

"Kuɗin aikina fa?"

"Ka zo ka ci mangwaro nan da shekara huɗu."

Ta gama sauran tsirran kafin rassan su yi yaushi, tana goge bakin da tsumma mai ɗan mai bayan kowane layi. Da makonni suka wuce, toho ya fito a kan ɗari biyu da sittin da ɗaya. Mai gona ya tsuguna a gaban na farko ya daɗe bai tashi ba. Bakwai ɗin da ta lalata ba ta manta su ba, har yau in ta wuce ta gaban shagon nan takan ƙara sauri. Bakin wuƙar ya yi duhu da ƙaro kamar na da, wuƙar shago kuma tana wajen Auta, yana ɓare lemo da ita.

In kana shirin sayen wuƙar aljihu, kada walƙiya ta ruɗe ka. Tambayi kanka me za ka yanka, da kuma ko kai mai goge wuƙa ne. Sannan ka jiƙa hannu da ruwan sabulu, ka riƙe ta a rufe, ka lumshe ido, ka ji ko babban yatsanka ya sami wurin zama. Don Allah ka gwada, ko da ta aljihunka ce.