Kwalbar Turare a Zanin Inna

Ina amarya a lokacin, ban daɗe da tarewa a Zongo ba. Wata safiya na tafi wani butik da ke wajen unguwar Hanoukopé sayen sabulu da madara. Irin kantin nan ne da mutum ke ɗaukar kaya da hannunsa, ya bi layi zuwa teburin biya, hoton shugaban ƙasa na rataye a saman kan mai karɓar kuɗi.

A gabana akwai wata tsohuwa 'yar unguwarmu, kowa Inna yake ce mata. Ita ce ke wanke gawar mata a Zongo, kuma ita ta wanke mahaifiyar mijina. Tana riƙe da ƙullin sukari. Da layi ya matsa, sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauki ƙaramar kwalbar turare, ta soke ta a bakin zaninta, ta ja mayafi ta rufe.

A wancan zamani, mutum ɗaya ya yi ihun ɓarawo, kafin jandarma su iso an farfasa wa mutum jiki, in sun iso suka tafi da shi kuma ba a san ranar fitowarsa ba. Ga mai gadi a ƙofa da kulki. Na ce a raina in yi shiru, ba kantin ubana ba ne. Amma in ya lalube ta a bakin ƙofa fa, a gaban jama'a? Na kuma tambayi kaina ko idona ne ya gani ba daidai ba.

Muna isa teburin, na matsa kusa da kunnenta, na yi magana da Hausa don kada mai karɓar kuɗin ta gane.

"Inna, turaren nan da kika ɗauka, kawo in haɗa da kayana."

Ta juyo ta dube ni. "Wane turare, ɗiyata?"

Babu tsoro a fuskarta, babu kunya. Sai mai karɓar kuɗin, wata mata 'yar ƙabilar Mina mai ƙiba, ta ɗago kai ta amsa mini da Hausa tsaf, ashe a cikin Hausawa ta tashi.

"Amarya, ƙyale ta. Mun sani. Duk abin da ta ɗauka, jikarta na dawo mana da shi da yamma. Kanta ne ya fara rikicewa."

Ta karɓi kuɗin sukari, ta yi wa mai gadi alama da ido, ya kauce.

Muka fito tare. A mararraba Inna ta tsaya cak, tana duban hanyoyin da ta yi shekaru tana bi, ta rasa wadda za ta kai ta gida. Na karɓi sukarin, na riƙe hannunta. Muna tafe tana ba ni labarin surukata, wai jiya ma sun yi hira a ƙofar gida. Ban gyara mata ba.

A zaure jikarta ta tare mu, idonta jawur don ta zaga unguwa tana nema. Ta roƙe ni kada maganar ta fita, domin har lokacin ana zuwa kiran Inna in an yi rasuwa, kuma wannan aikin kaɗai ne hannunta bai manta ba.