Tabkin da Na Cike

Ran kasuwar Gene da ta wuce, ina tsaye ina jiran a gama loda albasa, sai na hangi wata Bafillata zaune a inuwa da ƙwarya cike da bado. Na matsa na ɗauki ɗaya na fasa, warin laka da ɗanyen ruwa ya bugi hancina. Matar ta zuba mini ido tana jiran in taya. Na biya ta, na bar mata abinta, na koma wurin mota. In kai ɗan Malanbil ne da ya haura arba'in, ka san abin da wannan wari ke tuna wa mutum. Ni dai abin da ya tuna mini ya fi naka nauyi.

Bayan gidanmu akwai tabki. Da rani yakan bushe ƙasarsa ta tsattsage, awaki su bi suna tsintar ciyawa, mu yara mu buga ƙwallon tsumma a ciki. Ruwa na faɗuwa, duk abin da ya zubo daga rufin unguwa nan yake gangarowa ya kwanta, bado ya lulluɓe shi da fararen furanni. In ya ƙoshi sai ya bi wata 'yar magudana da ta ratsa gonakin shinkafa har ta faɗa gulbin Kwara. Mata su wanke tukwane a bakinsa, mu kuma mu lalubi tarwaɗa da hannu, mu fito da matsattsaku maƙale a ƙwauri, ana dariya ana kuka.

Kakana, wanda ya haifi babana, masunci ne da ciwon gwiwa ya raba shi da jirgi. Kowace shekara, da zarar shamuwa ta dawo, sai ya kira gayya. Mazan unguwa su fito da fartanya da kwanduna su yashe magudanar tun daga bakin tabki har gulbi, kakata ta dama musu kunun tsamiya a babbar tukunya. Shi kuwa yana zaune kan turmi da sandarsa, yana nuna inda aka bar tudu.

Wata rana mahaifiyata ta aike ni in zubar da toka da fasasshiyar tukunya. Juji na da nisa, rana kuma ta take, sai na watsa su cikin tabki. Ashe kakana yana kallona. Bai doke ni ba. Ya sa na tuɓe riga na shiga, na yi ta laluben kasake ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Da na fito ya dube ni ya ce, "Wanga wuri ɗakin ruwa na. In ka cike mishi shi, ɗakin wani za shi kwana." Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Gidan da ya fi kowanne gangara a unguwarmu na wata tsohuwa ne, Dendawa ne su. Inna nake ce mata. Shekarar da mahaifiyata ta yi doguwar jinya bayan haihuwar ƙanena, damina guda a ɗakinta na yi. Ita ta cire mini ƙaya, ita ta riƙa ba ni dambu da zogale a hannu, tana yi mini waƙa da harshensu. Gidan ƙasa ne, amma ban taɓa ganin ruwa ya ƙetare dokin ƙofarta ba, ko a shekarun da jan ruwa ya cika Kwara har ya taɓo gonaki.

Na girma, na shiga fataucin albasa, hanya ta riƙa kai ni Kutunu. A can na ga yadda ake mai da fadama unguwa. Mutum zai sayi wurin da ruwa ke kwance, ya sa a yi ta zuba shara, ya bi da yashi, kafin shekara ta zagayo ga bene tsaye. Na kuma ga tsofaffin gidajen da aka gina haka: tagoginsu sun sauko daidai gwiwa, masu gida na taka tayoyin mota suna shiga ɗaki. Mai masaukina ya gaya mini ƙasar ce ke haɗiye su a hankali, don ƙarƙashinta laka ce da shara. Duka biyun na gani da idona. Na farkon kaɗai na ɗauko na dawo da shi gida.

Lokacin kakana da babana duk sun rasu, gayya ta mutu tare da su, filin tabki kuma ya faɗo cikin rabona. Na aika gida-gida cewa duk mai shara ya kawo. Aka yi murna, don juji ya zo kusa. Leda, gwangwani, ruɓaɓɓiyar albasa, tsofaffin katifu, rani biyu ana zubawa. Sannan na kawo kamiyo, wato babbar motar kaya, aka yi ta juye jar ƙasa har wurin ya fi titi tudu. Na gina siton albasa da ɗakunan haya guda shida, harsashin ya kai ƙugun mutum. Bangon baya ya hau daidai bakin magudana. Magini ya nuna mini, na ce ya ci gaba.

Inna ta zo da kanta, tana dogara sanda, ranar da ake ɗora kwano. Ta yi mini barka, ta yi addu'a, sannan a hankali ta tambaye ni ta ina ruwa zai bi. Na ce mata yanzu zamani ya canza, hukuma za ta gina manyan magudanai na siminti. Ban ji haka daga bakin kowa ba, a nan tsaye na ƙirƙira shi. Ta ce to, Allah ya sa alheri.

Damina biyu ruwa ya tsaya a lungu iya idon sawu, aka yi ta ƙorafin sauro. A ta uku aka wayi gari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Kwara kuma ta riga ta cika. Kafin azahar ruwan unguwa ya taru, ya zo inda ya saba, ya iske bangona, ya juya. Ina tsaye a ƙofar sito ƙafata a bushe na ga ɗakin Inna ya durƙusa, rumbunta ya bi baya. Jikokinta suka fito da ita a jirgi, da ƙullin tufafi a cinya. Gidaje da dama sun faɗi a ranar, amma nata ne na farko.

Aka kai su lakwal, makarantar boko, su fake. Kowa na cewa ikon Allah ne, wasu su ce gulbi ne ya cika da yashi, wasu su ce sare itatuwa ne. Duk gaskiya ne, ni ma na yi ta faɗa tare da su, har muryata ta fi ta kowa. Na kai mata shinkafa da tabarma. Ta riƙe hannuna da hannuwanta biyu ta ce, "Ɗana, an ce mini albasakka ba ta jiƙe ba. Na gode Allah." Na duba fuskarta ina neman habaici, ban samu ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ta koma unguwar ba. 'Yarta ta ɗauke ta zuwa garin Madekali. Sau uku ina hawa babur da niyyar in je in faɗa mata gaskiya in nemi gafara, sau uku ina zuwa mu gaisa, mu yi zancen shinkafa, in dawo. Na huɗun gaisuwar mutuwarta na je.

Bara na rushe ɗakuna biyu na buɗe bakin magudanar. Ruwa ya bi ta taki ashirin ya tsaya, don gaba duk an gine, katanga bayan katanga har gonaki. Na je wurin mai katangar farko, wani matashin ɗan kasuwa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, kafin in buɗe baki ya nuna mini harsashinsa da fara'a ya ce, "Alhaji, wurinka munka ga dabara." Na sha ruwan na tashi.

Yanzu kowa a unguwar ƙara tudun ƙofarsa yake yi, maƙwabci ya ga haka shi ma ya ƙara, wanda ba shi da halin siminti shi ke kwasa. Filin Inna na nan kango, ciyawa ta rufe shi. Jikokinta sun zo har gida sun ce in saya, da arha, tunda ni ne na kusa. Na ce a'a. Sun ɗauka rowa ce, na bar su a haka, domin har yau ban iya gaya musu dalili ba.