Kifin Da Alhaji Garba Ya Ƙi Mayarwa

Jama'a, abin nan da zan ba ku labari wallahi a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci tukuna kafin tsoron ya biyo baya. Ni ɗan Yakasai ne, amma shekarun baya neman abinci ya kai ni can gaba da Ikko, wani ƙauye a bakin teku, inda na samu aiki wajen wani dattijo Banufe da ake kira Baba Ndagi. Aikinmu shi ne da an sallame asuba mu ɗebi baƙi a kwale-kwale mu shiga da su wani lungu da teku ya ratso cikin ƙasa, su jefa fatsa su kama kifi don nishaɗi, kafin rana ta yi zafi mu dawo da su. Ruwan wajen ba shi da zurfi ko kaɗan, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji, kana hango yashi a ƙasa, shi ya sa da gora muke tunkuɗa jirgin.

Doka ɗaya Baba Ndagi ya kafa mini: kifin da aka fara kamawa, komai girmansa, a zare masa fatsa a mayar da shi ruwa. Na tambayi dalili, ya ce shi ma haka ya tarar. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba, amma ban taɓa saɓawa ba, baƙi kuma ba sa musu, hoto suke ɗauka su sake shi.

Sai ga Alhaji Garba. Ƙanin mahaifin matata ne, shi ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta, fatu yake sayarwa a Kurmi, gidansa a Jakara. Ya kawo kaya Ikko, ya ce lallai sai ya ga wannan sana'a da ake cewa ina yi. Ranar kuma Baba Ndagi ya tafi ta'aziyya, ni kaɗai ne. Mutumin nan da babbar riga ya shigo jirgi kamar mai zuwa ɗaurin aure, na miƙa masa rigar nan da ke hana nitsewa, ya ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne. Ga shi bai iya ruwa ba, ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Tun daga nan na ce a raina, ya Allah Ka sa in mayar da bawan nan naka Kano lafiya, don ban san bakin da zan yi wa matata bayani da shi ba.

Muna tsayawa, ko minti goma ba a yi ba, ya zaro wata ƙatuwar ƙarfasa. Na ce wa Alhaji, "Baba, ai ta farko mayarwa ake yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, a kasuwa na girma. Abin da ka buɗe kasuwa da shi ka taɓa jin an mayar? Arzikin yini kake so in jefa a ruwa?" Na ce al'adar wajen ce. Ya ce canfi ne, kuma yana mamakin ɗan cikin Badala da ya zo ya koyi wannan. To ya zan yi? Suruki ne. Ya jefa kifinsa a bokiti, ya ɗora ƙafa a kai kamar zan sace.

Daga nan ko ɗan ƙaramin kifi bai ƙara taɓa fatsar ba. Da rana ta fara ɗagawa na ce mu koma. Na zura gora, sai na ji ba ta taɓa ƙasa ba. Na sake zurawa har hannuna ya shiga ruwa zuwa kafaɗa, babu. Kuma wallahi tallahi ga yashi nan ina gani, har da ƙananan kaguwa suna yawo a kai, wurin da jiya na sauka da ƙafata na gyara igiya. Na ajiye gorar na ɗauki filafili na kama tuƙi. Ga bakin gaɓa can, ga bishiyoyin kwakwa, ga matan da ke banda kifi har ina gane zanen jikinsu, amma na fi awa ina tuƙi ba mu matsa ko taku ɗaya ba. Na ɗaga hannu na yi ta kira, ba wadda ta waiwayo. Kifin nan kuma a busasshen bokiti, tun safe, bakinsa bai daina motsi ba.

Kun san me Alhaji yake yi duk wannan lokaci? Faɗa. Wai ban iya tuƙi ba, wai ashe shekarun nan yawon banza nake yi, wai da ya sani da bai ba ni yarinyar ba. Na ce, "Baba, don Allah don Annabi a saki kifin nan." Ya ce ko zai kwana a nan ba zai saki ba. Can sai ya leƙa ya ce, "Kai, ruwan nan ai iya gwiwa ne, ni da ƙafa zan tafi." Kafin in buɗe baki ya naɗe wando, ya rungumi bokiti, ya zura ƙafar hagu.

Ban san lokacin da na caƙumi wuyan rigarsa ba. Ni, da ko ido ba na haɗawa da shi. Na fizgo shi muka zube cikin jirgi, na sa ƙafa na shure bokitin ya faɗa ruwa. Nan take na ji ƙasan jirgin ya gogi yashi. Na zura gora, ko rabinta ba ta shige ba. Cikin minti kaɗan muna gaɓa.

Ko kalmar sannu ban samu ba. Alhaji ya koma Kano ya tara dangi ya ce na shaƙe shi na zubar masa da kifi. Sai da na taso takanas na zo Jakara na durƙusa a zaurensa na ba da haƙuri, ni da na ceci ransa. Baba Ndagi kuwa da ya ji, cewa kawai ya yi in nemi wani aikin, kada in ƙara shiga ruwan nan.

Bayan shekaru, na dawo gida gaba ɗaya, aka ce ƙafa ta kwantar da Alhaji, an yi asibiti an yi na gida ba a ga komai ba. Na je dubiya da hantsi. Da mutane suka fita, ya yafito ni, ya yaye mayafi. Ƙafar hagun nan, daga gwiwa zuwa ƙasa, jiƙe take sharkaf, tabarmar duk ta yi farin gishiri, ga ƙarnin teku a tsakiyar Jakara. Ya ce a hankali, "Malam, ran nan ka ga abin da ya riƙe ni?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Ni ma ban gani ba. Amma har yau bai sake ni ba." Ana yin sallama a zaure ya ja mayafinsa, ya ɗaga murya ya ce wa mai shigowa, "Ga shi nan, wanda ya zubar mini da kifi."

Ni dai ban ce ku yarda da canfi ba, Allah Shi ne masanin gaibu. Amma in kuka je wajen mutane suka ce ga yadda suke yi da ruwansu, ku bar dabarar kasuwarku a gida. Alhaji ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Ina cikin waɗanda suka yi masa sutura, sau uku muna canja likkafani ta wajen ƙafar.