Ranar da Motar Zibrim Ta Daina Kuka

Zibrim ɗan Salaga ne, daga gidan da kakanninsa suka yi fataucin goro da jakuna. Shi kuwa tun tasowarsa ba abin da ke burge shi irin injin mota. Da ya zama saurayi mahaifinsa ya gaji da kamo shi a tasha, ya tura shi Tamale ya koyi tuƙi. Ya dawo da lasin, da hula mai baki, da wata irin dariya da ake jiyowa tun daga ƙofar gida.

Yayarsa Awawu ita ce mai kan kasuwanci a gidan. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ta sayi wata a-kori-kura ta hannu daga Kumasi, ta damƙa masa makulli. Daga Salaga sukan loda doya, su bi ta Bimbilla da Yendi har Bawku, su juyo da albasa. Awawu na gaba kusa da shi tana ɓantarar goro, Zibrim na tuƙi yana ba ta labaran da rabinsu shi ya ƙirƙira.

Motar tana da lafiya, sai dai birkinta na gaba. Ba irin na ganga ba ne da makanikan arewa suka saba da shi. Faifan ƙarfe ne a bayan taya, da takalma biyu da ke damƙe shi in an taka. Takalman sun cinye, ƙarfe ya koma cin ƙarfe, sai ya zama duk sanda Zibrim ya taka birki motar ta saki wani kuka mai tsini kamar an take wutsiyar kare. Tun yana jin kunya har ya saba. Matan ƙauyukan kan hanya ma suka saba. Da sun jiyo kukan sai su fito bakin titi da kwanduna, sun san albasar Awawu ta iso.

"Zibrim, wannan ƙarar ba ta lafiya ba ce," in ji Awawu.

"Yaya, sallama take yi wa mutane. Mota ce mai ladabi."

Wata rana suna gangara tudun Nakpanduri da lodin doya, ya taka birki, sitiyari ya kama rawa a hannunsa, motar ta ƙi tsayawa yadda ya so. Da rage giyar motar ya riƙe ta har suka sauka ƙasa. Awawu sai salati take yi. Da suka tsaya ta dube shi ta ce, "To mai ladabin nan taka, yau ta kusa yi mana sallama da duniya. In mun koma Yendi, wajen Masta Sidiku za ka kai ta."

Masta Sidiku tsohon makanike ne, garejinsa gindin wata bishiyar mangwaro a bayan kasuwar Yendi. Da Zibrim ya kai masa motar, ya cire taya ya shafa faifan da yatsa, ya ji duk ya yi kwari-kwari kamar kunyar gona.

"Direba, da wannan kake hawa tudu? Faifai da takalma duk sai an sake, kuma hagu da dama tare. In ka gyara ɓangare ɗaya, mota za ta riƙa fizgarka gefe."

Sai da aka yi sautun kayan daga Kumasi wajen wani direban babbar mota. Ranar da suka iso, Zibrim ya tuɓe rigarsa ya ce shi ma da hannunsa za a yi. Suka tokare tayoyin baya da duwatsu, suka ɗaga gaba da jak, suka ƙara kututture a ƙasa don ko jak zai zame. Masta Sidiku ya kwance notunan gidan takalman, ya rataye shi da waya don kada nauyinsa ya tsinka robar man birki. Tsohon faifai kuwa tsatsa ta riƙe shi gam. Zibrim ya ɗauko guduma zai rafka masa, Masta ya riƙe hannunsa.

"Sannu, ba doya kake faskare ba. Ɗora katako, ka bi shi a hankali kana juyawa."

Haka ya yi, har faifan ya saki ya faɗo ya mirgina cikin kajin maƙwabta. Suka kankare tsatsar mazauninsa, suka wanke sabon da fetur don cire maiƙon da aka shafa masa, suka zaunar da shi. Suka tura fistin da ke matse takalman baya, sabbin takalma masu kauri suka shiga, aka ɗaure. Ɓangare na biyu Zibrim ne ya yi shi kaɗai, Masta na zaune yana shan koko yana gyara masa da baki.

"Kada ka motsa sai ka taka birkin ka sake takawa, har ka ji ya yi tauri," in ji Masta. Zibrim ya yi ta famfo har fedar birkin ta tsaya ƙyam a ƙafarsa. Ya zagaya gari ya dawo yana washe baki. Mota ta tsaya cak, shiru kamar a masallaci.

Matsalar ta ɓullo a tafiya ta gaba. Suka tsaya ƙauyen farko da albasa, ba wanda ya fito. Na biyu ma haka. Awawu ta sauka ta bi gida-gida, matan suna cewa, "Af, kun iso? Ai ba mu ji ku ba!" Zibrim ya yi dariya har ya kwanta a kan sitiyari. Daga ranar ya koma leƙo kai ta taga yana rangaɗa kiran albasa da muryarsa, wadda dama ta fi hon ɗin motar ƙarfi.

A Bimbilla akwai wata bazawara mai sayar da wake da shinkafa, Salimatu, wadda yakan ci abinci a wurinta. Da ta gan shi ya tsaya a gabanta kwatsam, ta dafe ƙirji.

"Direba, ashe kana nan lafiya? Kwana biyu ban ji motarka ba, har na aika tasha a tambayo ko ciwo kake."

Awawu ta dubi ƙanenta, ta dubi Salimatu, ta ce, "Wadda ta aika tambayar lafiyarka, ai sai a je a gaida iyayenta."

Bayan damina aka ɗaura aure. Zibrim ya ci gaba da bin hanyar Bawku har gwiwoyinsa suka fara gardama da taka kulocin mota. Sannan ya zauna a Yendi ya buɗe ɗan shagon kayan mota kusa da tasha, Salimatu ta kafa tukunyarta a gefensa. Direbobi kan zo sayen noti ɗaya, su ci abinci, su zauna sauraron hirarsa har lodinsu ya cika a aiko kiransu.