Kaset ɗin da Malam Garba ya kulle

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina a ofis!

Da safe Oga ya kira ni. Wai sunayen manoman Toranke da za a raba wa taki gobe sun ɓace daga saba, babbar kwamfutarmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk Juma'a muna kwafe komai a kaset."

Na saka kaset ɗin makon jiya. Babu sunayen! Na saka na wancan makon. Babu! Na kashe saba na kunna, shiru.

Na hau mashin daga Gaya har Ajingi, inda muke ajiye kwafi na biyu. Na dawo da kaset ɗin can cikin rana, na saka. Fayiloli suka fito, amma duk na bara ne!

Sai na juya kaset ɗin. Ɗan jan makullin da ke hana rubutu a kai a kulle yake. Na duba sauran. Duka haka!

Na kira Malam Garba, dattijon da ke canja kaset. Na ce, "Baba, wa ya taɓa nan?"

Ya ce, "Ni ne mana. Tun bara nake kulle su kafin na saka, kada bayanan su zube."

Shekara guda ba a kwafi komai ba!

Oga ya miƙo min biro da littafi. Ya ce, "Toranke. Ka rubuto sunayen gida-gida. Kafin magariba."