Muryar da Ba Ta Tsallake Kwata Ba

Tun da wuri in faɗa muku, wawan da ke cikin labarin nan ni ne, kada ku wahalar da kanku da nema. Aji huɗu na yi a boko, malamin ya riga ni gajiya, amma yau a Nima, unguwarmu ta Akara, Malam Mai Rediyo ake ce mini, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Muna yara, kakarmu Nna Abu ce rediyon gidan. Gidan haya ne, Bahaushe da Bazabarme da Kotokoli duk ƙofa ɗaya. Bayan isha'i sai ta jawo kurfoti, murhun gawayin nan, ta aza ruwa, mu zagaye ta. Wutar tana haska haɓarta kawai, idanun suna cikin duhu.

"Ga ta nan," in ji ta, "ku matso kafin ta huce."

Akwai wata tatsuniya da ba na so, ita kuwa ita ta fi maimaitawa. Wai wani mai shela ne, in ya tsaya a bakin kasuwa har manoma a bayan rafi suna ji. Shi ke faɗin haihuwa, shi ke faɗin mutuwa. To duk wanda ya faɗi mutuwarsa, sai muryarsa ta ragu da gida ɗaya, don mamacin ya tafi da kunnensa. Yara suka taso ba su san shi ba. Shi bai lura ba, domin kullum ya yi shela yana jin ana amsawa, "Mun ji." Amsar ma ƙaruwa take yi. Sai ran nan ya kasa kunne da kyau, ashe daga ƙarƙashin ƙafarsa take fitowa.

A nan Nna take dasa aya, ta tona gawayi. Ni da iyayi na ce, "Nna, me ya hana shi ƙara ɗaga murya?"

"Ɗan nema, murya ba ta haƙo kunne. Tashi ka kwanta."

Na girma na samu kujera a wata 'yar tasha ta matsakaicin zango, ɗaki ɗaya a bayan babbar kwatar ruwan unguwar. Aikina sanarwa: suna, aure, rasuwa. Da, har unguwar Madina, can gefen Akara, ana kama mu. Yanzu benaye sun fi eriyarmu tsawo, kowace cajar waya a unguwar tana yi mana tsaki a cikin iska, in an ɗauke wuta mu yi gum. Wayoyin yara ma ba su da layinmu. Duk na san wannan. Amma ni a ganina tsofaffinmu suna nan.

Sai Baba Hamani ya rasu. Bazabarme ne, mai gadi, ba shi da kowa a Akara sai rediyon da ya ɗaure da roba. Kowace safiya yakan leƙo ya ce, "Malam, jiya mun ji." Wanda ba shi da dangi, jama'a ce danginsa, ita za ta sallace shi ta ɗauke shi.

'Yata Rabi ta ce, "Baba, bari in sa a waya, yanzu labari ya cika Nima har maƙwabciyarta Maamobi."

Na gyara hula. "Mutumin da ya rayu da rediyo, ba za a tura shi lahira da yatsa ba. Tasha ta isa."

Na shiga na yi sanarwa da muryar da nake ajiyewa don manya. Na maimaita, na sake maimaitawa. Wallahi a kunnena har ina jin ana amsawa.

Bayan azahar ba mu cika sahu ɗaya ba. Liman, ladan, ni, da wasu tsofaffi da su kansu sai an riƙe. Yaran turoturo, motocin hayar nan, muka roƙa suka kama mana makara. Har muka isa maƙabartar Madina ban iya duban likkafanin ba. Ina ta tuna bakunan da suka taɓa ce mini "mun ji", sai na ga kusan duk ni na faɗi rasuwarsu da bakina. Shekara da shekaru na ɗauka Nna tsorata mu take yi don mu kwanta. Ashe aikina ta gani tun ina wasan ƙasa.

Amma wawa ba ya tuba a rana ɗaya. Da aka gama rufewa, na juya wajen mai haƙar kabari, wani dattijo da ko sau ɗaya bai dube ni ba, na soma faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Laifin hadari ne, laifin wuta ne, laifin eriya ne, in aka ƙara mata tsawo za a gani.

"Mutanena ba sa ƙin jana'iza," na ce. "Ina masu saurarona suka shiga yau?"

Ya kakkaɓe shebur ɗinsa.

"Malam, rage murya. A kansu kake tsaye."