Waken Inna Ya Kamu da Bairas

Mun tashi da asuba daga Kabara, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an tura ta an kuma ba ta haƙuri. Niyyarmu mu je ƙauyen iyayenmu, gaba da Bichi, mu dubo waken Inna. Ku yaran zamani ba ku san shi ba. Jan wake ne da mahaifiyarmu ta zo da shi a ƙoƙo ranar da ta tare. Tun rasuwarta ba a fasa shuka shi ba, kuma duk kaka sai an ware iri a tulu an rufe da toka.

Muna fita Ƙofar Mazugal ramukan titi suka fara gaishe mu. A Dawanau muka tsaya shan koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, har na tambayi mai suyar ko azumi yake yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, je ka tambayo kuɗin wake."

Da hantsi muka isa. Ɗan yayarmu, wanda ke noma gonar, ya tarbe mu kansa a sunkuye. Gonar kuwa sai ka ce ta kwana da zazzaɓi: ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, ya murɗe, kwanso ɗaya nan ɗaya can. Na juya wani ganye, sai ga ƙwarin darɓa baƙi ƙirin, cunkus kamar Ƙofar Wambai ana gobe salla. Ya ce ya yi feshi, amma malamin gona ya ce feshi darɓar yake kashewa, ba ya cire cutar da ta riga ta zuba wa shuka. Wai bairas ce.

Na gyara hula, don ni ma na leƙa firamare. Na ce, "To, da sauƙi. Wayata ma ta taɓa yin bairas, a shago aka wanke ta."

"Kawu," in ji shi, "wannan har cikin ƙwayar take shiga. Malamin ya ce kada mu ajiye iri."

Na ce to, sauran na tulu fa? Ya ce da ya ga damina ta yi kyau, duka ya shuka.

Ƙanena ya zauna a kan kunyar gona. Muka bi gonar muna tsintar kwanson da ya bushe, abin da bai cika hulata ba.

A hanyar dawowa ko rediyo ba mu kunna ba. Muna shiga gida bayan la'asar, uwargida ta jawo tulu da toka, a zatonta iri muka kawo. Na ce mata, "Hajiya, tukunya za ki ɗauko."

Ta dafa waken da shinkafa, ƙanena ya tsaya muka ci. Ɗanɗanon na nan yadda Inna ta bar shi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: na daɗe ina alfahari da gadon da ban taɓa ajiye ko ƙwara ɗaya nasa a ɗakina ba. Da muka gama, ƙanena ya ce a yi wa Inna addu'a. Muka ɗaga hannu.